Auren autarmu ya matso: mu kira mai bidiyo ko mu haƙura?

Maman Walida, ƙasar Ringim

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu yi. An sa ranar auren ƙanwata, autarmu, da zarar an gama kaka in Allah ya kai mu. Mahaifinmu ya rasu, hidimar tana kaina ni da Yaya. Wani yaro mai ɗaukar bidiyo a cikin gari ya ce zai yi mana kwana biyu, kamu da yini da kai amarya, a kan dubu saba'in, man janareto da na mashin ɗinsa kuma namu ne. Amarya ta kafe tana so, har da hawayenta. Yaya ya ce ba zai sayar da riɗinsa a kan abin da za a kalla sau biyu a ajiye ba, alhali ko katifa ba a saya ba. Ni na rasa bayan wa zan bi. Wanda ya taɓa kira, da wanda ya ƙi, don Allah ku faɗa min yadda ta kaya muku.

Baban Sadiq, Gumel

Wa alaikumussalam. Ni a 2009 na yi aure, kuma ra'ayina a lokacin irin na yayanki ne. Abokaina ne suka yi karo-karo suka ɗauko mai kyamara ba da sanina ba, har na yi musu faɗa. Aka ba mu faifan CD guda biyu, muka kalla a satin farko, aka jefa cikin akwati.

Mahaifinmu, Malam, ya rasu a 2014. Bayan sadakar arba'in ƙanwata ta tono faifan. Ga shi nan zaune a kan tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu, ana raba goro da dabino, ya ɗan tura hularsa baya yadda ya saba in zafi ya dame shi. Wani ya faɗi wata magana ya yi dariya, sannan ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su zuri'a mai albarka. Duka bai kai minti uku ba. Wallahi ranar ba wanda ya iya cin abinci a gidan. 'Ya'yana huɗu, uku ba su riske shi ba, a nan kaɗai suka san muryar kakansu.

Abin da ya dame ni, sauran awa biyun duk samari ne ke rawa ana liƙi, rabinsu ban ma san inda suke yanzu ba. Faifan kuma ya karce. Na kai shi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano aka juye min a memori, ɗaya ya fito, ɗayan ya ƙi. In za ki kira, ki ce masa ya tsaya kan tsofaffi.

Anti Rabi, Birnin Kudu

Maman Walida, ki ji tawa kafin ki yanke. Bara na aurar da 'yata. Mai bidiyon ya shigo har tsakar gida ranar yini, mu kuma hidima ta sha mana kai ba mu lura ba. Kin san yadda muke in mu kaɗai ne: an kifa ƙwarya a ruwa ana kiɗa, mayafi a kafaɗa ko a ɗaure a ƙugu, kowa ta saki jiki. Ba a yi sati ba sai ga guntun bidiyon a TikTok, ya ɗora waƙa a kai, ya rubuta lambarsa a ƙasa wai talla. Matar ƙanena ce a gaba tana juyi. A majalisa wani ya miƙa wa mijinta waya. Daren nan ta kwana a gidansu, sai da liman da mai unguwa suka sa baki, wata guda cur, kafin ta koma ɗakinta.

Yaron ya zo ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya goge a gabanmu. Amma me aka yi? An riga an tura wa juna ta Xender, har yau yana wayoyin mutane. Har yanzu kunya nake ji in na haɗa ido da matar nan, don a gidana abin ya same ta. Ni dai namiji da kyamara ba zai ƙara wuce zaurena ba.

Mai kyamara, ƙasar Gaya

Anti, Allah ya ba ki haƙuri, abin da aka yi miki cin amana ne. Sana'ata ce wannan, shekara shida, kuma ba zan ɓoye ba, da yawanmu da bikin mutane muke talla.

Kan kuɗi kuwa, Hajiya, dubu saba'in a kwana biyu bai zalunce ki ba. Wasunmu hayar kyamarar ma muke yi. Ga fitila, ga batir, ga yaron da zai riƙe, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 zuwa ƙauye da kunna janareto suka zama abin lissafi. Bayan biki sai na yi dare uku a kan kwamfuta ina tacewa, in babu wuta in tafi shagon mai sola.

Ki yi magana da shi gaban shaidu biyu. Rabi kafin alƙalami, rabi sai ya kawo aiki kin gani. Ki sayi memorinki da kanki a zuba miki, a kuma juye a wayar mutum biyu, sannan ya goge nasa kina tsaye. Ki tambaye shi ko yana da makirufo da zai ajiye kusa da liman, in babu, iska da hayaniyar yara kawai za ki ji a wajen ɗaurin aure.

Ummi, Kazaure

Mu cewa muka yi ai kowa da waya. Mutum biyar suka ɗauka. Kai amarya da daddare aka yi, ba a ganin komai sai fitilar mashin. Wayar da ta fi kyau aka sace ta a kasuwa, wata ta lalace aka wanke ta. Abin da ya rage min na aurena guntu ne da bai kai minti ɗaya ba, shi ma a WhatsApp na same shi duk ya dushe. Abin yana min ciwo.

Malam Idi, Ɗambatta

Ni ban kira ba. Kuɗin na ƙara a kai na saya wa yarinyar keken ɗinki, yanzu da shi take rufa wa kanta asiri. Hoto ɗaya aka yi musu, aka wanke babba, yana rataye a ɗakinta. Ban yi nadama ba, kuma yayanki ba rowa yake yi ba, nauyi ne a kansa.

Maman Walida

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha na karanta wa Yaya duka. Da na zo kan maganar Baban Sadiq sai ya yi shiru, can ya ce mu ko muryar Baba ba mu da ita.

Mun tsaya a kan yini ɗaya, yaron ya yarda da dubu talatin. Zai ɗauki ɗaurin aure a ƙofar masallaci, sai lokacin da Inna da Goggo za su yi wa amarya faɗa a zaure kafin a fita da ita. Cikin gida ba zai shiga ba. 'Yar Kawu da ke karatu a jami'ar Dutse ce za ta ɗauki ɓangaren mata da wayarta, kuma za mu sanar tun da safe, wadda ba ta so ta kauce. Katifa ma za a saya.

Inna da farko cewa ta yi ita da tsufanta me za a ɗauka a jikinta. Yau da safe kuma na tarar ta buɗe adaka ta fito da zanen saƙinta ta shanya a igiya.

Mai kyamara, memori mai gig nawa zan saya ya isa?