Muna so a sa wa layinmu sunan malaminmu, kuma mu kafa dokar shara, ta ina za mu bi?

Ɗan Sabon Layi:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani a taimaka mana da haske. Mu a wata sabuwar unguwa muke a gefen garin Gombe, irin unguwannin nan da aka yanka filaye mutane suka yi ta gini kafin hukuma ta waiwayo, to layinmu har yau ba shi da suna, in za ka yi wa mai Keke Napep kwatance sai ka ce bayan gidan biredi ka sha kwana ta wajen taransifoma, in taransifoman ya lalace aka ɗauke shi kuma shikenan baƙonka ya ɓata. Bara Allah ya yi wa malamin islamiyyarmu rasuwa, bawan Allah da ya fara karantar da yara a zauren gidansa tun unguwar gida biyar ne, yawancin samarin layin nan a hannunsa muka sauke. Mun zauna mu matasa mun ce a sa wa layin sunansa. Wasu sun ce kawai mu je wajen mai walda ya buga mana allo mu kafa, wasu sun ce a'a za a zo a cire a kuma ci mu tara.

Abu na biyu, muna da matsalar zuba shara a lambatu. Ruwa kaɗan sai ya toshe ya shiga gidajen da ke gangare, kuma kun san ƙasar Gombe yadda take zaizayewa, ƙaramin rami yau baɗi ya zama kwari. Mun rubuta doka a ƙungiyarmu cewa duk wanda aka kama zai biya tara, sai wani maƙwabci ya ce mu ba hukuma ba ne, ko sisi ba zai bayar ba. Shin da gaske ba mu da wannan ikon? In haka ne waye ke da shi, kansila ne ko ciyaman ko hakimi?

Tsohon Kansila:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan malam, ya sa aljanna makoma. Na yi kansila zango ɗaya a wata ƙaramar hukuma a jihar nan, bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Maƙwabcin naku, ko da yake bai kyauta ba, a maganar doka yana da gaskiya. Abin da kuka rubuta yarjejeniya ce tsakaninku, wanda ya sa hannu ya shiga ƙungiya ita ke ɗaure shi, wanda bai shiga ba kuwa sai dai lallashi da kunyar idon jama'a. In kuka tare shi kuka ƙwace masa baro ko kuka ce sai ya biya dole, shi zai riga ku zuwa wajen 'yan sanda kuma ku za a tsare. Na sha zuwa belin 'yan sintirin unguwa a kan irin wannan, yara masu niyya mai kyau amma ba takarda a bayansu.

Dokar da za ta hau kan kowa ita ce wadda majalisar kansiloli ta yi, wadda muke ce wa baylo. Yadda take tafiya, ko dai ciyaman ya aiko da ƙuduri daga ɓangaren zartarwa, ko kansila ɗaya ya kawo da kansa. Akawun majalisa ya sa a jadawali, a karanta, a yi muhawara, a tura wa kwamiti ya je ya duba ya ji ta bakin waɗanda abin ya shafa, a dawo a amince, sannan a kai wa ciyaman ya sa hannu. Sharaɗi shi ne kada ta ci karo da dokar jiha ko ta tarayya, in ta ci karo ita ce ke faɗuwa. Kuma ko bayan ta zama doka ba ku za ku riƙa karɓar kuɗi a hannun mutane ba, duba-gari ne zai rubuta wa mutum takarda, in ya ƙi a kai shi kotu, tarar kuma ta shiga asusun hukuma da rasit.

Amma kafin ku wahalar da kanku, ku je sashen lafiya na sakatariya ku tambaya, don kusan ko'ina akwai tsohuwar dokar tsabtar muhalli tana nan kwance a fayil ƙura ta rufe ta. Ba sabuwar doka kuke buƙata ba, wanda zai tashe ta kuke buƙata. Mu a zamaninmu gaskiya zaman majalisar ma ba kullum ake yi ba, in wata ya yi nisa ba a ga alawus ba sai ka ga kujeru wayam, ban cire kaina ba.

Maganar suna kuwa kada ku fara da mai walda. Ku fara da jauro ko mai unguwarku, shi ya kai ku wajen dagaci, in da hali har gaban hakimi. Ku rubuta takarda da sunan ƙungiya zuwa ga ciyaman ta hannun kansilan gundumarku, ku faɗi waye malam da abin da ya yi, magidantan layin su sa hannu, ba matasa kaɗai ba. Sannan ku nemi yardar iyalansa a rubuce. Wannan na ƙarshen kada ku raina shi, na ga inda aka gama komai har an sa ranar buɗe allo sai babban ɗan mamacin ya ce shi ba a shawarce shi ba, magana ta watse.

Lauyan Gobe:

Baba kansila ya gama magana, ni ɗan ƙari ne kawai daga abin da muke karantawa a aji. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ya tabbatar da ƙananan hukumomi da zaɓaɓɓun shugabanni, ya kuma bar wa kowace jiha ta yi dokar da za ta tsara yadda za su gudana. Jadawali na huɗu shi ya jero ayyukansu, kuma a ciki ƙarara akwai sa wa hanyoyi da tituna suna da ba gidaje lamba, akwai kwashe shara, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabarta, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da lasisin keke da baro da amalanke. Wato duka matsalolinku biyu a jadawali ɗaya suke zaune.

Dalilin da ya sa tararku ba za ta tsaya a kotu ba kuma yana sashe na 36, ƙaramin sashe na 12: ba a hukunta mutum da laifi sai laifin da hukuncinsa suna cikin rubutacciyar doka, kuma takardar ƙungiya ba ta cikin abin da ake nufi da hakan.

Inda gizo ke saƙar shi ne babban birnin jiha. Akwai dokar soja ta 1998 da ta raba haraji tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, ita ta ce kuɗin rajistar sunan titi na ƙaramar hukuma ne amma ban da titunan da ke cikin babban birnin jiha, waɗannan na gwamnatin jiha ne. To kun ga kundi ya ba wannan ikon sa suna, wata dokar ta ba wancan karɓar kuɗin, shi ya sa a manyan birane ake yawan ja-in-ja a kai. Saboda haka yaya Ɗan Sabon Layi, ka fara tabbatar da a ƙasar wa kuke. Garin Gombe ya daɗe da tsallake iyakar ƙaramar hukumar Gombe, mutumin Tumfure misali yana ganin kansa ɗan cikin gari amma a takarda Akko yake, sakatariyarsa tana Kumo. Duba katin zaɓenka zai gaya maka, in dai a unguwar ka yi rajista. In kuma layin yana cikin shimfiɗar da jiha ta tsara, to ku leƙa GOGIS ma, hukumar kula da bayanan filaye ta jihar Gombe, ku ji, tunda taswirar filaye a hannunsu take.

Kun dai ji abin da ya faru a Legas a 2025, da aka canja sunan tashar bas ta Charly Boy a Bariga, aka yi ta cece-kuce har lauyoyi na cewa hukumar da ta canja ɗin yankin raya ƙasa ce, ba ta cikin ƙananan hukumomi 774 da kundi ya sani. Mu ma nan yanzu da aka ƙirƙiro yankunan raya ƙasa 13 a kan ƙananan hukumomi 11 da muke da su, wannan tambayar za ta iso mu.

Uwar Biyu:

Hmm, ku dai kuna ta karanto sashe-sashe. Ni bari in ba ku labarin zahiri. Kafin mu dawo Gombe mun zauna a wata ƙaramar hukuma, ba sai na kama suna ba, mu mata muka haɗa kai muka ce a karrama wata tsohuwar ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin garin, ba ma titi muka nema ba, takardar yabo kawai da ɗan abin da za ta sa a bakin salati tun tana raye. Mun kai takarda, aka ce ciyaman ya yi tafiya, muka koma aka ce an sauke su an kawo kantoma, kantoma ya ce shi riƙo yake ba zai taɓa abin da ya tarar ba, kafin a yi zaɓe baiwar Allah ta rasu. Wata uku bayan nan sai ga allo sabo fil an kafa a hanyar kasuwa da sunan wani mai kuɗi da ko rijiya bai taɓa haƙa wa garin ba. Tun daga ranar na daina ganin girman allon nan.

Kuma ku duba garin nan da kyau, wa ya zauna a majalisa ya raɗa wa unguwar BCGA suna? Kamfanin audugar Turawa ne ya bar sunansa, yau ko yaron da bai san me harufan ke nufi ba zai kai ka. Tashan Dukku fa, Mil Uku fa? Bakin mutane ne. Akwai tituna da yawa masu allo da sunan manya amma ka faɗa wa ɗan acaɓa sunan sai ya tsaya yana kallonka. Ni shawarata ƙanina, ku fara kiran layin da sunan malam tun yau, a katin biki, a sanarwar masallaci, a kwatancen da kuke ba masu kawo kaya, mai shago ya rubuta a bangonsa. Takarda ta biyo baya in ta ga dama.

Sharar kuma kada ku manta yara ake aikowa da ita da asuba, kuma ba mugunta ba ce, ina za a kai? In babu bola kusa ko doka goma kuka kafa lambatun nan za a koma. Ku shigo da mu mata cikin zaman, ku daina yanke hukunci a majalisar shayi.

Tsohon Kansila:

Hajiya Allah ya huci zuciyarki, abin da kika faɗa ya faru ba sau ɗaya ba, ba zan kare ba. Zamanin kantomomi babu majalisa balle a yi zancen ƙuduri, mutum ɗaya ne da biro. Ai shi ya sa hukuncin kotun ƙoli na ranar 11 ga Yuli 2024 ya yi mana daɗi, da ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa 'yan riƙo. Aiwatarwa dai wani zance ne daban.

Amma ban yarda a bar takarda gaba ɗaya ba. Sunan baka yana da kyau har ranar da wani mai hannu da shuni zai gina gida a layin ya je ya biya kuɗi a sa nasa, ranar nan in ba ku da komai a fayil ba ku da bakin magana. In kuwa takardarku ta riga shiga, an buga mata hatimin karɓa da kwanan wata, kuna riƙe da kwafi, to ko ba a amince ba tukuna kun riga shi. A yi duka biyun. Kuma duk kuɗin da aka ce ku biya ku ce a ba ku rasit na hukuma, wanda ya ce ku ba shi a hannu zai taya ku bi, ku gode masa ku wuce.

Ɗan Sabon Layi:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Anti, Lauya Allah ya ba da sa'ar jarabawa. Na duba katin zaɓe, ashe mu ma ɓangaren Akko muke, shekara shida ina zaune ban taɓa lura ba wallahi. Jiya bayan isha'i mun je wajen jauro ya ce mu dawo ranar Juma'a da dattawa uku, kuma ya ce shi ma tun da can layin malam yake ce masa. Maganar tara mun janye ta, maƙwabcin namu ma da aka ce masa an fasa sai ga shi ya kawo shebur. Anti, matan layin sun ce za su zo zaman Asabar amma sai an yi shi da la'asar a islamiyya, ba a gindin mai shayi ba. Saura iyalan malam, babban ɗansa yana aiki a Bajoga sai ƙarshen wata zai shigo. Baba in ba damuwa zan turo maka takardar ta inbos ka duba mana kafin mu buga, don sakatarenmu ya cika ta da turanci har ni ban gane wasu wuraren ba.