Gwanjon wasiƙar yabon Kwamanda Lami: ta ina ake farawa?

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wasiƙar hannu ce da wani hafsan Faransa ya rubuta a 1900 yana yabon Kwamanda Lami, jagoran ayarin sojan Faransa, bayan an kashe shi a yaƙin Kusseri (garin na cikin Kamaru a yau), masu ita kuma suna son kai ta gwanjo a Paris. Me za su fara yi, kuma nawa ake cire musu?

Mai Tsoffin Takardu:
Wa alaikumus salam. Kafin maganar kuɗi, a duba wa aka aika wa. In dangin Lami ne ko abokinsa, wasiƙa ce ta ƙashin kai, ana iya sayarwa. In kuwa hafsan a bakin aiki ya rubuta ta zuwa ga na gaba da shi, dokar Faransa na ɗaukarta takardar hukuma, kuma ba ta fita daga mallakar hukuma ko da ta shekara ɗari a akwatin gida. Ma'adanar tarihin soja da ke Vincennes, kusa da Paris, na iya sa a janye ta daga gwanjon, a karɓe ba tare da an biya farashinta ba. Hatimi, lambar rajista da bugaggen kan takarda su ne alamun da ake dubawa. Nan ne ciniki ke iya rushewa.

Hajiya Dillaliya:
Haka ne, Malam. Gidan gwanjo zai kira masanin rubutun hannu ya yi ƙiyasin farashi, na ƙasa da na sama. Mai kaya na iya sa farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, amma doka ta hana ya wuce ƙiyasin ƙasa. La'adar mai sayarwa ana daidaitawa, galibi kashi 10 zuwa 15. Mai saye kuma yakan ƙara wajen kashi 25 zuwa 30 a kan farashin guduma, wato kuɗin da aka sallama kayan a kai. Gwamnati na da ikon maye gurbin wanda ya yi tayin ƙarshe a kan kuɗin da ya taya, ta tabbatar cikin kwana 15. Fitar da ita daga Faransa kuma na iya buƙatar takardar izini.

Bakusseri:
A lura da kwanan wata. Lami ya mutu 22 ga Afrilu 1900, ranar da abokin gabarsa Rabeh ma ya faɗi, Emil Janti, jami'in mulkin mallakar Faransa, kuma bai kafa Fort-Lami (N'Djamena ta yau) ba sai 29 ga Mayu. Wasiƙar da ke ɗauke da sunan Fort-Lami a Afrilu abin tuhuma ce.

Don Allah kada a liƙa mata salatif ko a rufe ta da roba mai zafi; darajarta na zubewa nan take. Tawadar wancan zamani tana cin takarda in ta sha laima, shi ya sa ake ajiye ta a shimfiɗe, cikin takarda marar asid, nesa da rana. A kuma ɗauki hotonta gaba da baya har da ambulan kafin ta tafi, domin ayarin Lami ya bi ta Agadas da Damagaram a 1899, kuma masu binciken tarihin Nijar da Chadi za su so karanta ta.