Allurar kafaɗa da ake yi ana kallo da sikanin: in bari a yi wa Inna?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara kan Innarmu. Sana'ar fura take yi, kuma tun kafin azumi take fama da ciwo a gaban kafaɗarta ta dama. Daka ya gagare ta, ɗaurin ɗankwali ma sai jikoki sun taya ta, da dare kuwa ba ta iya kwanciya ta wannan ɓarin. An yi ƙaho, an shafa man zafi, shiru. Da na kai ta asibitin koyarwa na Shika, likita ya ce jijiyar ƙwanjinta ce ta kumbura a inda take shiga kafaɗa, za a yi mata allurar sitiroyid, wato maganin rage kumburi, ana kallo da sikanin. Ita dai sikanin masu ciki kaɗai ta sani, duk ta tsorata. Ni kuma abin da ya tsaya min a rai, tana da ciwon suga.

Ma'aikaciyar jinya, Samaru:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Jijiyar nan tana kwance ne cikin wata siririyar riga, kamar wuƙa a kube. A cikin rigar ake son maganin ya zauna, ba a tsokar jijiyar ba, don idan ya shiga cikinta yana iya raunana ta har ta tsinke. Amfanin sikanin ke nan: likita yana ganin tsinin allurar har inda za ta tsaya. Akan haɗa da maganin kashe zafi, shi ya sa wasu ke jin sauƙi nan take, sai ciwon ya dawo kwana 1 zuwa 2 kafin ainihin maganin ya kama aiki.

Maganar suga kuwa kada ka yi wasa da ita. Allurar takan ɗaga suga na wasu kwanaki. Ka faɗa wa likitan tun kafin a yi, ku riƙa aunawa safe da yamma. In wurin ya yi ja, ya kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ku koma asibiti a ranar.

Birkila daga Sabon Gari:
Malam, ni an yi min, kafin ka sha shayi an gama. Amma ka ɓoye taɓaryar nan! Da ta ji sauƙi za ta koma turmi. Ni sai da na huta mako 2, sannan na bi gashin ƙashi. Kuma ba allurar da ake maimaitawa a kemis ba ce, likitana cewa ya yi sai an ba da tazarar wata 3.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gero dai daga yau inji za a riƙa kai shi. Anti, da azumin Litinin da take yi, ta sha ranar allurar ko ta ci gaba?

Ma'aikaciyar jinya, Samaru:
Ta ajiye na nafila har sugan ya daidaita, amma ku ji ta bakin likitanta.