Ta yaya zan samu jerin makarantun yanki guda, in kuma kai ga shugabanninsu?

Ma'aikaciyar Ido ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ɓangaren ido, kuma ni da abokan aikina huɗu mun ƙuduri aniyar zagaya makarantun yankinmu domin yi wa yara gwajin ido kyauta, saboda abin da muke gani a asibiti ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Sai a kawo mana yaro ɗan shekara 12 wanda aka yi shekaru ana kiransa daƙiƙi, alhali kuwa rubutun allo ne ba ya gani daga inda yake zaune. Kayan aiki muna da su, lokaci ma mun ware, amma mun tsaya cik a wurin da ba mu zata ba, wato sanin makarantun da ke yankin da kuma hanyar da za mu bi mu kai ga shugabanninsu.

Na fara da Google Maps, na samu makarantu kusan 40, sai dai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na tarar wasu sun rufe, wasu an sa su a inda ba nan suke ba, makarantun gwamnati na karkara kuwa yawancinsu babu su sam. Cikin lambobin waya 11 da na tsinta, uku kaɗai suka shiga, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauka ya shaida mini cewa shekara biyu ke nan da aka canza masa wurin aiki. Wasiƙun imel da na aika, har yau babu wanda ya amsa. Ina roƙon masu ƙwarewa su nuna mini inda ake samun jerin makarantu wanda za a dogara da shi, da kuma yadda ake tunkarar shugaban makaranta har ya saurari mutum.

Tsohon Firinsifal ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya saka muku da alheri a kan wannan niyya. Na yi shekaru ina shugabantar makarantar sakandare kafin in yi ritaya, don haka bari in fara da abin da na ga kin tsallake, wanda shi ne ya sa ƙofa ba ta buɗe miki ba. Shugaban makarantar gwamnati ba mai cin gashin kansa ba ne. Akwai ofis a samansa, ofishin ne yake da jerin makarantu, shi yake tura shugabanni yana kuma canza musu wuri, kuma shi ne zai tuhumi shugaban idan ya shigar da baƙi wurin yara ba tare da izini ba. Duk wanda ya fara da makaranta kafin ofis ya fara hawa daga reshe ne.

Sunan wannan ofis ya danganta da ƙasa. A Najeriya, tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004, akwai hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, a matakin tarayya, kowace jiha kuma tana da irin wannan hukuma tata da ake kira SUBEB, sannan a ƙananan hukumomi, waɗanda yawansu 774 ne, akwai hukumar ilimi ƙarƙashin sakataren ilimi, kuma a teburinsa za ki samu sunayen makarantun firamare da na hedimastocinsu. Manyan sakandare suna ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta jiha ko hukumar kula da sakandare, wadda galibi take da ofisoshin shiyya, kwalejojin tarayya kuwa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce mai su. A Nijar ofishin sufeton makarantu za a nufa, a Ghana kuma ofishin gunduma na Hukumar Ilimi ta ƙasar. Sunaye sun bambanta, amma tsarin kusan ɗaya ne.

Ba na manta wasu matasa da suka zo ofishina da kwalayen littattafai za su raba wa ɗalibai. Na duba littattafan, masu kyau ne, na kuma ga gaskiya a fuskokinsu, amma da na tambaye su takardar izini sai suka kalli juna. Dole na sallame su, zuciyata tana ƙuna, domin da na karɓe su, kuma wani abu ya biyo baya, ni za a aiko wa takardar tuhuma, ba ni da abin da zan nuna. Sun tafi suna ganin na wulaƙanta su, ba su kuma dawo ba. Har yau abin yana damuna, shi ya sa nake nanata wannan magana.

Ki rubuta wa ofishin ilimin yankinku wasiƙa ɗaya, shafi guda, a kan takarda mai ɗauke da sunan ƙungiyarku ko na asibitin da ya amince ya tsaya muku, ki bayyana ko ku su wane ne, me za ku yi, azuzuwa nawa, tsawon wane lokaci, kuma ki faɗa ƙarara cewa ba za a karɓi ko sisin kwabo daga makaranta ko iyaye ba. Ki kai da hannunki, kwafi biyu, ki sa akawun da ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan naki kwafin, domin idan fayil ya kwanta, da wannan kwafin za ki tashe shi. Kuma kada ki sa sunan mutum a kan wasiƙa, muƙaminsa za ki sa. Wasiƙar da aka rubuta wa "Shugaban Makaranta" duk wanda yake kan kujerar zai buɗe ta, wadda aka rubuta da sunan wane kuwa za ta zauna a aljihun tebur tana jiran mutumin da ya riga ya koma wata makaranta.

Idan izini ya fito, ki roƙi sakataren ilimi ya ba ki minti biyar a taron da yake yi da hedimastoci. A zama ɗaya za ki ga mutanen da za ki yi wata biyu kina nema, su ga fuskarki, su kuma ji daga bakin maigidansu cewa ya san da ke. Ga sakandare, ƙungiyar shugabannin makarantu ta ANCOPSS tana yin irin wannan taro, kuma shugabanta na yanki zai iya ba ki dama.

Mai Taswira ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ban ga abin da zan cire ba a maganar izini. Inda zan ɗan saɓa masa, cikin girmamawa, shi ne ba na ganin ya kamata Malama ta naɗe hannu tana jiran ofis ya ba ta jeri, domin jerin da ofis yake bayarwa shi ma yakan tsufa, kuma wanda ya je da nasa a hannu ya fi samun haɗin kai, tunda gyara zai nema, ba aiki sabo zai ɗora wa ma'aikaci ba.

Ma'aikatun ilimi da yawa suna gudanar da ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, inda kowace makaranta take cike takarda mai ɗauke da sunanta, wurinta, yawan ɗalibai, malamai da azuzuwa. Sashen tsare-tsare, bincike da ƙididdiga ne yake riƙe da wannan bayani, don haka idan kin shiga ma'aikata, wannan sashen za ki tambaya da sunansa. Makarantun da suke zama cibiyoyin jarrabawar WAEC ko NECO kuma suna da lambar cibiya, wadda take tabbatar da cewa hukuma ta san da zamansu. A intanet, ban da Google Maps, ki duba wata taswirar intanet mai suna OpenStreetMap, da kuma taswirar shirin Giga wanda UNICEF da hukumar sadarwa ta duniya ITU suka ƙaddamar a 2019 domin gano wuraren da makarantu suke da kuma haɗa su da intanet. Wasu ƙasashe sun sauƙaƙa abin ƙwarai: ma'aikatar ilimin Ingila tana da shafi da kowa zai shiga ya ga makaranta da lambarta da adireshinta da sunan shugabanta, Amurka ma cibiyar ƙididdigar iliminta tana da makamancinsa. Inda babu irin wannan, sai an haɗa majiya biyu ko uku an gwada su da juna.

Wurin gwadawar ne ake yawan tuntuɓe. Makarantu biyu sukan ɗauki suna ɗaya a garuruwa daban-daban, haraba ɗaya kuma takan ƙunshi makarantu biyu ko uku, firamare da ƙaramar sakandare da babba, ko ta safe da ta yamma, kowacce da nata shugaban. Na taɓa shirya ziyara da shugaban ɓangaren safe, muka iso da azahar, muka tarar da wani mutum daban a kujerar wanda bai taɓa jin labarinmu ba. Tun daga ranar, a takardata kowace makaranta tana da layinta, da lambarta ta hukuma, da matakinta, da ranar da na tabbatar da sunan shugabanta.

Abu na ƙarshe shi ne lambobin waya. Yawancin waɗanda za ki samu na kashin kan mutane ne, ba na ofis ba. Kada ki zuba su a dandalin WhatsApp, kada kuma ki miƙa wa wata ƙungiya don ta roƙe ki. Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, ta Tarayyar Turai ta fara aiki tun 2018, amma ko babu doka, amana ce aka ba ki.

Malamar Aji Shida ta amsa:

'Yar'uwa, ina koyarwa a makaranta mai zaman kanta, kuma ina so in tuna miki da yaran da ba za ki gan su a jerin kowane ofis ba. Akwai ƙananan makarantun kuɗi da na addini da na al'umma waɗanda ba su kammala rajista ba, kuma sau da yawa a can ne yaran da iyayensu ba su taɓa kai su gwajin ido ba suka fi yawa. Hanyar gano su ita ce tambaya: duk shugaban da kika ziyarta, kafin ki tashi ki tambaye shi waɗanne makarantu ne suke kewaye da tasa, domin ya san inda ɗalibansa suke fitowa da inda suke komawa. Ƙungiyar masu makarantu masu zaman kansu, irin su NAPPS, za ta ba ki sunayen mambobinta, amma ba kowa ne mamba ba.

A irin makarantunmu kuma, shugaban makaranta ba shi ne mai magana ta ƙarshe ba, mai makarantar ne. Shugabarmu za ta karɓe ki da fara'a, ta saurare ki har ƙarshe, sannan ta ce za ta sanar da mai makaranta, don haka tun farko ki tambaya cikin ladabi wa yake da ikon amincewa. Idan makarantar ba ta da cikakkiyar rajista, za su ji tsoron duk wanda ya zo da takarda mai hatimin hukuma, sai ki kwantar musu da hankali cewa idon yara kika zo dubawa, takardunsu ba su shafe ki ba.

Tunda aikinku ya taɓa jikin yara, ki nemi amincewar hukumar lafiya tare da ta ilimi, ki kuma shirya gajeriyar takardar neman yardar iyaye da harshen da suke karantawa. Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ko na kwamitin kula da makaranta, shi ne zai isar da saƙon ya kuma kashe jita-jita tun kafin ta tashi. Sannan ki roƙi shugaban makaranta ya haɗa ki da malami guda wanda za ki riƙa magana da shi, domin shugaba yana da taruka da baƙi, mu malaman aji kuwa mun san yaron da yake matse ido idan yana kallon allo, da wanda kullum yake kwafa daga littafin maƙwabcinsa.

Ma'aikaciyar Ido ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai da gaske, Allah Ya ƙara ilimi. Na riga na fara rubuta wasiƙar, kuma zan je da jerin da na haɗa domin a gyara mini shi. Malam, saura tambaya ɗaya: idan izini ya fito, wane lokaci ne ya fi dacewa in je makaranta, kuma shin in fara kiran waya ne ko in je kai tsaye?

Tsohon Firinsifal ya amsa:

Ki guji makon farko na zangon karatu, lokacin ana fama da ɗaukar sababbin ɗalibai da raba jadawali, ki kuma guji makonnin jarrabawa da na haɗa sakamako. Daga mako na uku zuwa tsakiyar zango shi ne lokacinki. Ki aika gajeren saƙon waya kwana biyu kafin ranar, ki ambaci sunanki da ofishin da ya ba ki izini, domin mutane da yawa ba sa ɗaukar lambar da ba su sani ba amma suna karanta saƙo. Ko bai amsa ba ki je, da safe bayan an tashi daga taron ɗalibai, kafin ayyuka su janye shi zuwa wani wuri. Ki gaisa da maigadi, ki sa hannu a littafin baƙi, kada ki nufi aji ko ki ɗauki hoto kafin ki shiga ofis. Idan ba ki same shi ba, ki bar kwafin takardar izinin a wurin mataimakinsa, ki rubuta sunan mataimakin da ranar da ya ce ki dawo.