Neman shawara kan horon mai jinyar mahaifiya a gida a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Mahaifiyata na fama da shanyewar ɓarin jiki, ni ke mata wanka da ba ta abinci, har na ajiye aiki. Medicaid, shirin gwamnati na tallafin lafiya ga masu ƙaramin ƙarfi, ta amince a riƙa biyana, amma batun horo ya tsayar da komai. Kamfanin da zai ɗauke ni ya ce sai na yi awa 75 na ci jarrabawa. A sanina wannan sharaɗin tarayya ne ga mataimakan jinya ƙarƙashin Medicare (inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya ga tsofaffi da naƙasassu), kulawar yau da kullum kuwa kowace jiha da ƙa'idarta. Shin ana sassauta wa 'yar da ke jinyar uwarta? Wa zai zauna da Mama in na tafi aji? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.