Shin da gaske itatuwan da muke dasawa suna rage ɗumamar yanayi?

Manomin Daura: Assalamu alaikum jama'a. Kowace damina ana raba mana dashen darbejiya, ana cewa itace yana zuƙe iskar kabon da ke ɗumama duniya. Ina wannan iskar take shiga a jikin itacen, kuma idan aka sare shi aka yi girki ko gawayi, shin ba aikin baban giwa aka yi ba?

Malamin Kimiyya: Wa'alaikumus salam, Malam. Ganye yana shaƙar iskar, sai ya haɗa ta da ruwa da taimakon hasken rana, ya samar da abincin da ke gina gangar jiki, da rassa, da saiwa. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne zalla, kuma wani kaso yana shiga ƙasa ta hanyar saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye. Zarginka yana kan hanya, domin ranar da aka ƙone itacen, yawancin abin da ya tara cikin shekaru yakan koma sama. Saboda haka tsohuwar kirya guda da aka bari a tsaye ta fi ɗaruruwan dashen da awaki za su cinye kafin bazara.

Ɗan Maraɗi: Malam ya yi gaskiya, kuma mu a Nijar mun ga wannan da idonmu. Bayan farin da aka yi fama da shi a shekarun 1970 da na 1980, an kashe kuɗi mai yawa wajen dashe, amma yawanci bai rayu ba. Abin da ya yi aiki shi ne sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, ya taimaka wajen yaɗawa a yankin Maraɗi tun 1983: manomi ya daina ƙone kututturen da ke gonarsa, ya zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran da lauje, ya kuma kare su daga dabbobi. Da yake saiwar tana da rai tun da can, itacen yakan tashi ba tare da ban ruwa ba. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Babu manomin da ya yi hakan don kabon. Ya yi ne don gawo yana kaɗe ganye da damina ba ya hana gero rana, yana ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Rassan da ake datsewa su ake girki da su, uwar itacen tana nan tsaye.

Hajiya Mai Lissafi: Ina da ƙari, don kada mu ɗora wa itace abin da ya fi ƙarfinsa. Shirin babbar ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, yana da burin adana tan miliyan 250 na kabon kafin 2030, alhali ƙona fetur da kwal da gas yana fitar da fiye da tan biliyan 35 na iskar a duniya kowace shekara. Muddin manyan ƙasashe irin su Sin da Amurka ba su rage hayaƙinsu ba, dashenmu ba zai cike giɓin ba.

Manomin Daura: Na gode ƙwarai. Ɗan Maraɗi, a wane wata kuke datse tofon, kuma yaya kuke yi da makiyaya bayan girbi?