Wai jami'ar gwamnati a Amurka ba ta kama ƙafar ta kuɗi?

Baban Zainab: Salamu alaikum jama'a. Magana ɗaya gare ni, mai ja ya fito fili. A Amurka, jami'ar gwamnati ba ta kama ƙafar mai zaman kanta ba. Ku duba jerin jami'o'in da mujallar US News ta fitar a Satumbar 2023: Princeton ta ɗaya, MIT ta biyu, Harvard da Stanford suka yi kunnen doki a ta uku. Sai ka gangara har lamba 15 kafin ka ci karo da ta gwamnati, wato Berkeley da UCLA. To ina abin musu a nan?

Malama: Wa alaikumus salam. Yaya, kafin ka karɓi awo ai sai ka duba mudun. Lokacin da mujallar ta fara wannan jeri a 1983, shugabannin jami'o'i kawai ta tambaya wace ce ta fi, kuma Berkeley ta biyar ta zo. Da aka shigo da lissafin kuɗi da alƙaluman ɗaukar ɗalibai a ƙarshen shekarun 1980, sai ta rikito ƙasa da ta 20. Malamanta suna nan, ɗakunan bincikenta suna nan, ba abin da ya ƙone. Mudun ne aka canza.

Baban Zainab: An canza shi ne don ya fi daidai mana.

Malama: To a 2023 ɗin da ka kawo ma an sake canza shi. An cire girman aji, an cire yawan tsofaffin ɗaliban da ke ba da gudummawa, an ƙara wa yaye 'ya'yan marasa ƙarfi maki. A shekara guda Rutgers ta tashi daga 55 zuwa 40, UC Davis daga 38 zuwa 28. Vanderbilt mai zaman kanta ta sauko daga 13 zuwa 18, har shugabanninta suka fito suna ƙorafi. Wanne ne daidai ɗin, na bara ko na bana?

Injiniya: Ni abin da ke ba ni dariya kashi 20 cikin 100 na makin jerin da ake ware wa "suna". Takarda ake aika wa shugaban jami'a da mataimakinsa da mai kula da ɗaukar ɗalibai, ga sunayen jami'o'i jere rututu, kowacce a ba ta maki daga 1 zuwa 5. Mutumin da bai taɓa taka harabar makaranta ba, da me zai auna ta? Da abin da ya saba ji. Abin da ya saba ji kuwa jerin bara ne. Ka ga suna na haifar maki, maki na haifar suna.

Auta: Kuma ai jami'o'in ne ke kai alƙalumansu da hannunsu, ko?

Injiniya: Yauwa Auta, nan gizo ke saƙar. A 2022 wani farfesan lissafi na Columbia, Michael Thaddeus, ya bi alƙaluman jami'arsa ɗaya bayan ɗaya ya nuna an yi musu kwaskwarima. Jami'ar ta amsa cewa akwai kuskure, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18. Kuma lokacin da ake ba da maki ga ajin da bai kai mutum 20 ba, akwai jami'o'in da suka riƙa tsayar da rajista a kan 19 cif. Ɗalibi na 20 sai ya jira wani zangon.

Baban Zainab: Ka faɗi rabi ka haɗiye rabi. Shugaban makarantar kasuwanci ta Temple, Moshe Porat, har gidan yari aka tura shi kan ƙaryar alƙaluma, kuma Temple tana samun tallafin kuɗi daga jihar Pennsylvania. Kowa na yi. Ku bar jerin ma gaba ɗaya, ku dubi Kotun Ƙolin Amurka. Alƙalai tara, takwas a Harvard ko Yale suka karanta shari'a, ta taran a Notre Dame. Ko ɗaya babu daga makarantar shari'a ta gwamnati. Wannan ma US News ce ta ƙirƙira?

Baba Alhaji: Yaron nan ya kawo hujja, kada ku tsallake ta.

Malama: Ba zan tsallake ba, Baba. Gaskiya ne, akwai ƙofofin da sunan Harvard ke buɗewa. Binciken Raj Chetty da abokansa na 2023 ya nuna wanda ya shiga manyan jami'o'in nan masu zaman kansu ya fi na babbar jami'ar jiha damar kaiwa sahun attajiran ƙoli da samun aiki a kamfanonin da ake rububi. Amma wannan ƙarfin hanya ne da sanayya, ba lallai ingancin abin da aka koyar a aji ba. Stacy Dale da Alan Krueger sun kwatanta ɗalibai masu ƙoƙari iri ɗaya, waɗanda suka nemi jami'o'i iri ɗaya amma suka ƙare a wurare daban, suka ga albashinsu daga baya kusan ɗaya ne. 'Ya'yan talakawa na cikin waɗanda suka fi amfana da zuwa mai tsananin zaɓe. Jami'ar da ke ɗaukar huɗu ko biyar cikin kowane ɗari da suka nema, dole ta yaye gwanaye, da gwanintarsu suka shigo.

Injiniya: A ɗaya ɓangaren kuma, binciken Chetty na 2017 ya duba wace jami'a ce ta fi ɗauko ɗan talaka ta kai shi sama. Cal State ta Los Angeles ce a gaba, jami'o'in gwamnati na New York ma suna cikin na sahun gaba. Harvard ba ta kusa, saboda 'ya'yan talakawan da take ɗauka ba su da yawa.

Maman Amir: Ku yi mini afuwa, zan ɗan goyi bayan Baban Zainab, domin na yi aikin taimaka wa farfesa a wata jami'ar jiha. Lakcar 'yan aji ɗaya a zaure ake yi, ɗaruruwan yara, na baya a majigi yake ganin malamin, kowa riƙe da 'yar na'urar danna amsa don a san ya zo. Mu 'yan digiri na uku ne ke duba takardunsu, farfesan bai san sunan kowa ba. Yaro zai nemi darasin da dole sai da shi zai kammala, ya tarar an cika, shekara huɗu ta koma biyar. In jiha ta rage kaso, kamar yadda aka yi bayan rikicin tattalin arziki na 2008, sai a ƙara kuɗin makaranta, a buɗe ƙofa ga 'yan wajen jiha da baƙi masu biyan ninki biyu ko uku.

Malama: Ban musa ba, Anti. Amma "gwamnati" ba abu ɗaya ba ne. Michigan da Virginia da Berkeley suna yaye sama da kashi 90 na ɗalibansu, wata ƙaramar ta jiha kuwa da ƙyar take kai rabi. Masu zaman kansu ma haka, ba duka ne Harvard mai gidauniyar sama da dala biliyan 50 ba, akwai ƙanana da ke rufewa duk shekara. In aka haɗa duka, masu kammalawa cikin shekara shida kusan kashi 63 ne a na gwamnati, 68 a masu zaman kansu da ba don riba aka kafa ba. Wannan ce tazarar da Yaya ke cewa ba a kama ƙafa?

Baban Zainab: Ni dai in an ba ɗana Princeton da Michigan, Princeton za shi.

Malama: Ni ma haka, in za su ɗauke masa kuɗin. Amma da cewa ka yi babu wadda ta kama ƙafa, yanzu ka koma zaɓi tsakanin biyu da kowa ya san sun isa.

Auta: Ni kwamfuta nake son karantawa. Illinois da Georgia Tech na gwamnati ne, kuma a wannan fannin sun sha gaban yawancin 'yan rukunin Ivy, wato manyan jami'o'i masu zaman kansu irin su Harvard da Princeton. Jerin gaba ɗaya zan bi, ko na fanni?

Injiniya: Na fanni, ƙanena. Sannan ka shiga shafin College Scorecard na ma'aikatar ilimin Amurka, ka duba bashin da masu digirin suke fita da shi da albashin da suke samu.

Baba Alhaji: Baban Zainab, kai ka ce mai ja ya fito, ga su sun fito. Har yanzu ba ka amsa tambayar Malama ba: na bara ne daidai ko na bana?

Baban Zainab: Baba, bari in duba na baɗi tukuna.